Mai Hura Wutar Jirgin Yaƙi: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, rundunar sojan ruwan Kanada 'yar mitsitsiya ce, mutanenta ba su kai 4,000 ba. Kafin a kai 1945 ta haura mutum 90,000. Babban aikinta shi ne rakiyar ayarin jiragen da ke kai abinci, mai da makamai Ingila ta Tekun Atlantika, inda jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suke kwanton ɓauna. Ayarin farko ya bar tashar Halifax ta Kanada ranar 16 ga Satumba, 1939. Daga baya hanyar da matuƙa suka fi sabawa da ita ita ce daga tashar St. John's zuwa ta Londonderry. Da yawansu 'ya'yan manoma ne da ba su taɓa ganin teku ba.

A cikinsu akwai wanda ya yi yaƙin nan kaf bai ga abokin gaba da idonsa ba, wato mai hura wuta.

Jama'a sukan ɗauka shebur da gawayi ne kayan aikinsa. A yawancin jiragen rakiyar, irin ƙananan nan da ake kira kobet, masu tsawon mita 62, baƙin mai ake ƙonawa. Ana ɗumama man, a fesa shi cikin murhu, wutar ta tafasa ruwa a manyan tukwane biyu, tururin ya juya inji. Shi kuwa yana tsaye can ƙasa, ƙarƙashin matakin ruwan teku, idonsa a kan wata 'yar ƙwalbar gilashi mai nuna yawan ruwan tukunya. In ruwan ya yi ƙasa, ƙarfe ya ƙone, tukunya na iya fashewa. In ya yi yawa, ya bi tururi ya lalata inji. Ga jirgin yana tangaɗi, ruwan cikin ƙwalbar yana hawa yana sauka, sai ido ya goge ake gane gaskiyar awon.

Sai batun hayaƙi, wanda a ganina nan wuyar aikin take. Da zarar iska ta gaza a murhu, baƙin hayaƙi zai turnuƙe sama, a hango shi daga nesa, asirin ayari duka ya tonu. Nan take tsawa za ta sauko daga wajen kyaftin. Yawanci awa huɗu ake yi a bakin wuta, a huta takwas. Yayin da na sama suke fama da ƙanƙara, shi gumi yake sharewa. Masu hura wutar ne kuma ke kula da na'urar da ke tace ruwan gishiri ya zama na sha da na tukunya.

Idan aka jefa bam a ruwa don farautar jirgin Jamus, ƙarar takan daki jikin jirgi kamar an buga guduma a kan duro, kuma na ƙasa ba su da hanyar sanin ko nasu ne ko na abokan gaba. Idan makami ya sami tsakiyar jirgi, su ne a wurin, tsakaninsu da sarari sai siririn tsani.

Kanada ta rasa sojan ruwa kimanin 2,000 a yaƙin. Cikin kobet ɗin Kanada na wancan yaƙin, ɗaya ce tak ta rage a duniya, HMCS Sackville, kuma tana Halifax a matsayin abin tunawa da su.