Kafin A Ɗaga Ƙwallo Daga Teburin Sunuka

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, koren ƙyallen teburin sunuka a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi yakan koma toka-toka kafin la'asar. Yawancin teburan a rumfa suke, ko a shagon da ƙofarsa ke kallon titi, babu abin da ke tare musu ƙura. Lokacin kuma ya zo daidai da kakar rake a wannan yanki. Matashi zai gama shan rakensa, ya shafe hannu a wando, in farar ƙwallo ta faɗa rami ya ciro ta da hannun nan mai danƙo. Ga hodar da ake barbaɗawa a hannu don sanda ta yi santsi, ga shuɗin allin da ake gogawa a bakin sanda. Duk a jikin ƙwallo suke ƙarewa. Dole wani lokaci a goge ta ana tsaka da wasa, kuma a nan ake samun saɓani. Wannan ya ce, "Malam, ba nan take ba!" Wancan ya ce, "Wallahi nan na ɗauke ta." Alhali ɗan guntun kati ya isa ya kashe wannan gardama tun kafin ta tashi.

Bari mu fara da dalilin gogewar. Duk lokacin da sanda ta bugi farar ƙwallo, takan bar mata ɗan tabon alli. Idan aka yi rashin sa'a tabon ya faɗo daidai inda ƙwallo biyu za su haɗu, maimakon su zame wa juna sai su ɗan cije. Za ka ji ƙarar ta fito a dakushe, farar ta ɗan yi tsalle, wadda aka nufa kuma ta kauce wa rami ko da saitin ya yi daidai. David Alciatore, injiniyan da ya koyar a Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka, ya daɗe yana nazarin karon ƙwallayen da kyamara mai saurin ɗauka, kuma ya nuna tabon alli shi ne babban mai haddasa wannan cijewa. Saboda haka wanda ya nemi a goge ƙwallo kafin bugu mai muhimmanci yana da hujja, bai kamata a ɗauke shi mai iyayi ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa in ƙwallo ta gusa da ɗan kaɗan, tunda mai bugu zai sake saiti? Gaskiya ne, idan tana fili ita kaɗai, bambancin ba shi da yawa. Amma ba kullum take fili ba. Sau da yawa abokin karawarka ya yi dabara ya ɓoye farar a bayan wata, yadda ba ka hango ƙwallon da kake nufi sai ɗan gefenta. Ko kuma ƙwallo tana son wucewa ta tsakanin wata da gefen tebur, hanyar ba ta fi faɗinta ba. A irin wannan hali, gusawar da ba ta kai kaurin ashana ba tana iya buɗe hanyar da take rufe, ko ta rufe wadda take buɗe. Wanda ya sha wahalar ɗana tarko ya tashi a tutar babu.

Shi ya sa masu dokar wasan ba su ɗauki abin da wasa ba. Sunuka ta samo asali ne a 1875 a garin Jabalpur na Indiya, a hannun hafsoshin sojan Ingila, kuma a yau hukumar WPBSA ce ke kula da dokokinta. Duk mai kallon gasar duniya, wadda ake yi a zauren Crucible na birnin Sheffield tun 1977, ya san yadda abin yake. Ɗan wasa ba ya taɓa ƙwallo da hannunsa, sai dai ya roƙi alƙalin wasa. Alƙalin ya ciro 'yar alama daga aljihu, ya jingina ta da ƙwallon, ya ɗaga, ya murza ta a farar safar hannunsa, ya mayar. A dokarsu, muddin ƙwallo na hannun alƙali, alamar nan ita ce ƙwallon, har da darajarta. Wanda ya taɓa ta ya yi laifi, a ba abokin karawarsa maki aƙalla 4, in ta baƙa ce maki 7. A garuruwanmu an fi buga mai ƙwallaye 15 masu lamba, wadda ake rufewa da baƙa mai lamba 8, amma hikimar ɗaya ce: gurbin ƙwallo haƙƙin 'yan wasa biyu ne, kamar iyakar gona da ake dasa wa gamba tun ana shiri, don kada a zo ana rantse-rantse da damina.

To, wace irin alama ce ke aiki? Wasu sukan ɗora yatsa a gefen ƙwallo, wasu su ajiye kwabo ko murfin lemo. Matsalar ita ce abu mai taɓa ƙwallo a wuri ɗaya ba ya tsayar da gurbinta. Kana iya mayar da ita ta taɓa kwabon ta dama ko ta hagu, kowanne ka ce daidai ne. Sai an tokare ta a wuri biyu sannan za a samu gurbi ɗaya tak da za ta zauna. Wannan ne sirrin alamar alƙalai.

Ba sai an yi odarta daga waje ba. A sami tsohon katin banki, ko katin roba da ake ɓalle layin waya daga jikinsa, a liƙa uku ko huɗu don ya yi kauri, a yanke gefe ɗaya ya zama baki mai kusurwa kamar harafin V, a goge kaifin da sanfefa don kada ya ci ƙyalle. Irin wannan baki ya fi mai lanƙwasa amfani a wurinmu, domin ƙwallaye ba girmansu ɗaya ba: ta sunukar gasa milimita 52.5 ce, ta irin Amurka ta haura 57, a wasu teburan ma farar ta bambanta da sauran. Bakin kusurwa yana karɓar kowacce.

Ga yadda ake yi. Mai tebur, ko wani da 'yan wasan biyu suka amince da shi, ya kwantar da katin a kan ƙyalle, ya turo shi a hankali har gefuna biyu na bakin su taɓa ƙwallon ba tare da ta motsa ba. Ya danne katin da yatsa biyu na hagu, kada ya saki. Ya ɗaga ƙwallon da dama, ya miƙa a goge ta da busasshen tsumma mai tsabta. Idan danƙon rake ne, a ɗan jiƙa tsumman, sannan a busar da ita sarai. Ban da yawu, ban da fetur ko kananzir, ban da gogawa a jikin rigar da ta sha gumi. Ya mayar da ita cikin bakin katin har ta taɓa gefen biyu, ya ɗan jira ta natsu, domin teburanmu da yawa a kan daɓen da bai daidaita ba suke, an tokare ƙafa da katako. Daga nan ya janye katin baya, ba sama ba.

Idan ƙwallon tana manne da wata ko da gefen tebur, a faɗa da baki kowa ya ji kafin a ɗaga, a kuma sa katin ta ɓangaren da ke fili. Idan ƙwallaye sun cunkushe har babu inda kati zai shiga, a haƙura sai bayan bugun. Kada a zana wurin da alli ko biro. Tabon yana ɓata ƙyalle, kuma ƙazantar da ake gudu ce ake ƙarawa. Haka nan ba a goge ƙwallo biyu a lokaci ɗaya.

Rigakafi kuma ya fi magani. Mai tebur da ke goge ƙwallayensa duka kafin kowane zubi, yake share ƙyalle da buroshi mai laushi, yake lulluɓe tebur in ba a wasa, ya ajiye buta da sabulu a bakin rumfa don masu shan rake, da wuya a nemi gogewa a tsakiyar wasa a wurinsa.

Kiranmu ga masu tebura a Ikara da Makarfi da Hunkuyi shi ne kowa ya yanki katinsa, ya rataye shi kusa da alli, ya kafa doka ɗaya da za a sanar da duk wanda ya ɗauki sanda: ɗan wasa ba ya ɗaga ƙwallo da kansa, kuma ba a ɗaga ta sai an sa alama a gaban abokin karawa. Wanda ya karya, bugu ya koma hannun ɗan uwansa.