Yautai Ma Ɗan Ci-Rani Ne

Direbobinmu masu sauko da shanu da albasa daga Arewa sun san shi. Tsakanin Mokwa da Jebba har Ilori, da duhu ya fara sai fitilar mota ta hasko jajayen idanu biyu a kan hanya. Yautai ke nan, wanda Hausawa ke yi wa kirari da mugun tsuntsu, alhali kuwa ƙwari kaɗai ya ke ci, irin su shinge da buzuzu. Yana cafke su ne a sama, baki buɗe.

Abin da zai ba masu karatu sha'awa shi ne akwai wani irin yautai da ke yin ci-rani kamar mu. Da kaka ta wuce sai ya gangaro kudu, ya yi ƙwai a dazuzzukan tsakiyar ƙasar nan, da damina ta kankama kuma ya koma Arewa. Ba ya sheƙa. A ƙasa tsirara macen ke ajiye ƙwai ɗaya ko biyu, sau da yawa inda gobarar daji ta cinye, ta kwanta a kai. Launinta sak busasshen ganye, har mutum ya kusa taka ta bai gani ba.

Namijin kuwa abin kallo ne. Lokacin neman mace, kowane fiffikensa kan fid da gashi guda mai tsawon inci 15, shi kuwa duk jikinsa bai wuce inci 9 ba. Gashin siriri ne kamar tsinke, sai a ƙarshensa ya baje kamar tuta. In ya tashi da almuru sai ka rantse wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa.

Mai son gani sai ya fita bayan gari bayan sallar magariba, ya sami fili ko hanyar gona, ya tsaya shiru da tocila. A sa takalmi rufaffe, don kububuwa ma lokacin ta ke fitowa. Watakila a ci karo da bushiya, ko a ji kukan mujiya, wadda yara ke jifa a banza, ita kuwa ɓerayen da ke ɓarna a rumbu ta ke kamawa.

Matsalar yautai ita ce in haske ya dalle shi ba ya tashi da wuri, sai mota ta bi ta kansa. Direban da ya hango idanun nan, in ya ɗan sassauta gudu ya danna ham, ya ishe shi tashi.