Daga Filin Unguwa Zuwa Turai: Me Ke Dawowa Gida?

 Shirinmu na musamman yau ya leƙa filayen ƙwallo na unguwa ne, inda ake kafa raga da duwatsu biyu bayan sallar La'asar, da kuma 'yan wasan da suka tashi a irin waɗannan filaye suka tsallaka ƙetare. Me suke mayarwa gida?

Bari mu fara da wani abu da ya daɗe yana burge ni. A watan Nuwamba na 1992, lokacin da aka fara wasannin rukuni na gasar Zakarun Turai da sabon sunanta, wanda ya ci ƙwallon farko yaron Kaduna ne, Daniel Amokachi. Yana buga wa Club Brugge ta Beljiyam, kuma ragar CSKA Moscow ya zura wa. Shekara biyu kafin nan yana Ranchers Bees ta Kaduna. Ku ji fa, shekara biyu kacal! To ita wannan CSKA ɗin, ita ce ta ɗauki Moussa Maazou ɗan Yamai a 2009, ita ce kuma ta ɗauki Ahmed Musa a 2012. Kamar dai ƙungiyar nan tana da rabo da mutanenmu.

Labarin Ahmed Musa kuwa kusan kowa ya san shi, don haka ba za mu ja shi ba. Jos ya taso, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai Rasha, sai Leicester ta Ingila a 2016, sai Saudiyya. A 2017 ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a Hotoro cikin Kano. A watan Afrilu na 2021 kuma ya yi abin da ba a saba gani ba: kyaftin ɗin Super Eagles, mutumin da ya ci Ajantina biyu ya ci Ayisilan biyu a gasar cin kofin duniya, ya dawo ya sa rigar Kano Pillars, Sai Masu Gida. Yaron da bai taɓa ganinsa ba sai a gidan kallo, ga shi yau a ƙasa ɗaya da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya cancanci yabo.

Amma fa, masu sauraro, ku zo mu koma unguwa. Kocin unguwa ba shi da albashi. Shi ne mai alkalanci, shi ne mai ba iyaye haƙuri idan yaro ya karye, shi ne mai bin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ana karo-karo don a kai ƙwallo wurin mai faci. Idan ɗan wasan waje ya zo hutu, akan kawo riguna da takalma, a sa kofi, a yi hoto, a watse. Rigunan nan kafin damina biyu sun yage. An gode, Allah ya ƙara buɗi, sai dai ba shi ne babban rabon ba.

Babban rabon yana cikin dokar FIFA, kuma a nan nake so ku kasa kunne. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin, a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Kashi 5 cikin 100. Bari in maimaita da lissafi. Jaridu sun ruwaito cewa kusan fam miliyan 16 Leicester ta biya a kan Ahmed Musa. Kashi 5 na wannan kuɗi fam dubu 800 ke nan. Ƙungiyar da ta riƙe yaro shekara ɗaya tak yana ɗan 16 ko 17, rabonta a irin wannan ciniki fam dubu 80 ne. Riguna nawa ke nan? Filaye nawa za a share a kewaye?

To ina gizo ke saƙa? A takarda. Ba a biyan wanda kawai ya rantse cewa shi ya koya wa yaro taka leda. Sai ƙungiya tana da rajista da hukumar ƙwallo, sai sunan yaron yana cikin kundinta da shekarunsa na gaskiya. Tun ƙarshen 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin tarihin rajistar kowane ɗan wasa ta kwamfuta kafin a raba kuɗin. Wanda sunansa bai fito ba, ya yi asara, ko da shi ya saya wa yaron takalmin farko. A nan ne kuma rage shekaru ke cutar da mu, domin yaron da aka sauya wa ranar haihuwa an goge sawun waɗanda suka raine shi.

Na so mu taɓo Sadiq Umar ɗan Kaduna, da Zaidu Sanusi ɗan Jega da ya je Porto, da Alhassan Yusuf ɗan Kano da ya bi ta Suwidin da Beljiyam, amma ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, lokaci ya ci mu.

Kira ɗaya kafin mu tafi. 'Yan wasanmu na waje, in kun zo gida da riguna, ku haɗa da kuɗin rajistar ƙungiyar da ta raine ku. Ku kuma kociyoyin unguwa, ku je ofishin hukumar ƙwallo ta jiharku, ku rubuta sunan kowane yaro tun yana ɗan 12.