Yadda za mu riƙe hankalin yaro a wajen karatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, kukan da muke yawan ji daga malaman makarantunmu na allo da Islamiyya a nan Garwa shi ne: yara suna zuwa, amma hankalinsu ba ya wurin. Wani na gyangyaɗi, wani na leƙen ƙofa, wani kuma da ya kai shekara goma sha biyu sai ya daina zuwa. Kafin mu ɗora wa yaron laifi, mu dubi ranarsa. Tun safe yana makarantar boko ana yi masa Faransanci. A hanya da kasuwa Fillanci yake yi, a gida Hausa ko wani yare. Da la'asar, ga gajiya ga zafin Maris da Afirilu, sai mu zaunar da shi ya maimaita Larabcin da ba a faɗa masa ma'anarsa ba. To ina hankali zai tsaya?

Abu na farko, mu ba shi ma'ana da harshen da yake mafarki da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙin karantarwa da Fillanci da Hausa, jajis ɗinta suka riƙa kai su ƙauyuka wurin mata. Idan yaro ya biya Suratul Fil, mu ba shi labarin Abraha da giwaye cikin minti biyar. Gobe da kansa zai tambayi abin da sura ta gaba take cewa.

Na biyu, mu riƙa tambaya. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Sai da suka yi ta laluben amsa, sannan ya ce dabino ce. Abdullahi ɗan Umar, yana yaro a lokacin, ya gane amsar amma kunya ta hana shi magana. Akwai irinsa a kowane aji. Malam ya jefa tambaya, ya yi shiru kaɗan, sannan ya kira na bayan nan da ba ya ɗaga hannu.

Na uku, abin da ake yi da hannu a koyar da shi da hannu. Babin alwala na Ahalari da Ishmawi ba ya zama a kai da hadda kaɗai. A fito tsakar gida da buta, yaro ɗaya ya yi alwala, sauran su ƙirga farillai su kama kuskure. Taimama ma haka, ƙasa ba saye ake ba. Annabi (SAW) da kansa ya taɓa zana layuka a ƙasa domin sahabbai su ga misalin ɗan Adam da ajalinsa da burinsa. Mai koyon babbaƙu ya rubuta harafi a yashi kafin ya taɓa allo.

Game da kayan aiki, allo da tawada da alƙalami suna nan da amfaninsu, domin abin da hannu ya rubuta ya fi zama. A ƙara da baƙin allo na bango da alli. Amma mu kula da abu guda: allonmu na gargajiya ruwayar Warshu ne da rubutun Magariba, yawancin mus'hafan da ake bugawa da karatun da ke cikin waya kuwa Hafsu ne. Duka ingantattu ne, sai dai haɗa su ga mai farawa yana rikita shi. Kowane aji ya tsaya a kan ɗaya, a sanar da iyaye.

Sai maganar bulala. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malamai, ya kuma sa wa duka iyaka mai tsauri. Ibnu Haldun ma ya bayyana cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da munafunci. Bulala tana iya sa aji ya yi tsit, amma shirun tsoro ba karatu ba ne.

Muna roƙon kowane malami ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan a makon nan. Iyaye kuma, bayan magariba ku tambayi yaro: "Me ka gane yau?" Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a. Amin.