In za ka saida tsohon kekenka

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, keke dukiya ne. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa, shi ke kai maras lafiya gidan likita, shi ke kai yaro lakwal. Amma wata rana bukata takan taso. Rumbu ya yi ƙasa, ko an yi haihuwa, ko mutum yana son ya cika kuɗi ya sayi moto. Sai a ce a saida keke.

Da yawa daga cikinmu sukan jawo shi daga bayan ɗaki da ƙurarsa, taya ba iska, su nufi kasuwa. Mai saye yana ganinsu ya san suna cikin matsuwa, sai ya yi musu tayin wulaƙanci. Alhali aikin yini guda ya isa ya ƙara wa keken daraja.

Tsohon keke ba abin rainawa ba ne. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin CFA da rabi. Kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, har da kekuna da kayan gyaransu. Sabo ya fi ƙarfin talakawa da yawa, suka koma neman na hannu. Ga shi kuma tsofaffin kekuna akwai ƙarfe mai kyau a jikinsu. Raleigh na Ingila ne, a da har ana haɗa shi a Kano. Peugeot na Faransa ne. Phoenix daga ƙasar Sin yake zuwa. In naka yana da tambarinsa a goshi, ka goge tambarin ya fito sarai, don masu saye suna dubawa.

Fara da wanka. Ruwa da sabulu da tsumma sun isa. Sarƙa kuwa ba a wanke ta da ruwa. Rairayin ƙasarmu yakan haɗu da tsohon mai ya zama kamar dutsen niƙa, yana cin sarƙa da haƙoran da take hawa. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mata mai kaɗan, a goge ragowar. Mai da yawa ƙasa yake kira.

Daga nan ka kifa keken, sirdi a ƙasa, tayoyi a sama. Juya kowace ƙafa kana kallo. In tana rawa hagu da dama, wayoyinta sun saki ko wasu sun tsinke. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Kama ƙafar ka girgiza ta. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, boris ya saki ko ya cinye, a ɗaure shi ko a sake shi, a sa masa giris. Haka za ka gwada feda da wuyan keke.

Birki shi ne abin da ba a wasa da shi. Robar birki araha gare ta. In ta cinye, sayi sabuwa ka sa. Mai saye zai hau ya zagaya, kuma abu na farko da zai matsa shi ne birki.

Sai taya. Ƙayar aduwa da tsidau ba su bar kowa ba, saboda haka faci biyu ko uku ba abin kunya ba ne. Hura robar ciki ka tsoma ta cikin ruwa. Inda kumfa ya fito, nan ne huji. Ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale, tana jiran ta sake hudawa. Amma in tayar ta tsattsage duka, yi lissafi kafin ka sayi sabuwa. Wani lokaci kuɗin sabbin tayoyi biyu ba za su dawo maka ba wajen ciniki. Gara ka rage wa mai saye wani abu ya saya da kansa.

Fenti fa? Ni dai ban ga amfaninsa ba. Mai saye da ya san keke yana ganin ɗanyen fenti sai ya fara zargi, ya ce me aka rufe a ƙasa. Kuma yana da gaskiya. Na taɓa sayen wani keke yana walƙiya, baƙin fenti har kan wayoyi. Wata biyu bayan haka, ina ɗauke da buhun wake a kan gangara, sai ƙarfen gaba ya rabe daidai inda aka yi masa walda aka shafe. Allah ya kiyaye, gwiwa kaɗai na kurje. Da yaro ne a bayana maimakon buhu, da labarin ya sha bamban. Wanda ya saida mini kuwa, har yau in mun haɗu sai ya kau da kai.

Saboda haka in jikin kekenka ya taɓa karyewa aka yi walda, nuna wa mai saye wurin da yatsanka. Malamanmu sun faɗa: ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya saya yana da ikon maido maka da abinka in ya gano. A lokacin kuɗin sun riga sun shiga tukunya. Ina za ka samo su?

Lokacin saidawa ma abin dubawa ne. Da kaka, in an saida wake da gyaɗa, ko bayan an kwashe albasa, mutane na da kuɗi a hannu, masu saye suna da yawa. Da bazara zuwa farkon damina kowa hatsi da iri yake nema, masu saidawa sun fi masu saye. In ka san bukata na tafe, kada ka jira sai ta kama ka a wuya.

Kafin ranar, je kasuwa hannu sake. Tsaya wajen masu kekuna ka ji nawa ake saida irin naka. Ka tsai da kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da su ba, ka riƙe a ranka. In jikka 20 kake so, kada ka buɗe baki da jikka 20. In tayi bai yi maka ba, ka ce albarka, ba faɗa ba ne. In za ka bi ta hannun dillali, ku shirya maganar la'ada tun da fari, kuma ka tsaya kusa ka ji da kunnenka nawa aka sallama. Mai son gwadawa, in ba ka san shi ba, ya bar wani nasa a wurin kafin ya hau.

Abu na ƙarshe shi ne takarda, kuma a nan ne karatun yaƙi da jahilci zai yi maka rana. Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin ƙarfe, ko ƙarƙashin sirdi, ko ƙarƙashin wurin feda. Kankare ƙasar ka karanta ta. Ana satar kekuna, kuma in aka kama keke a hannun wani, jandarma za su bi sawu daga hannu zuwa hannu har su iso ƙofarka. In kana da takardar da ka saye shi da ita, kawo ta. Sa'an nan ka rubuta sabuwa da hannunka, kamar haka:

"Ni wane ɗan wane, na gari kaza, na saida wa wane ɗan wane kekena, iri kaza, mai lamba kaza, a kan kuɗi kaza. Na karɓi kuɗina duka. Na nuna masa aibin da ke jikinsa. Ran kaza ga wata kaza."

A rubuta guda biyu, ɗaya taka, ɗaya tasa. Shaidu biyu su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. In a ƙauye ne, a yi a gaban mai gari. In kuma da ragowar kuɗi, a rubuta nawa ne da ranar biya, kuma kada ka miƙa tsohuwar takardar sai ranar da aka cika maka.