Amon Masana'anta a Kiɗan Godflesh

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna yadda muhalli kan yi tasiri a kan kiɗa. Misalinmu shi ne salon "industrial metal", wanda ya gama jita mai kaurin amo da na'urorin lantarki. An kafa ƙungiyar Godflesh a 1988 a Birmingham ta Ingila, bayan masana'antun birnin da dama sun durƙushe. Da farko ba ta ɗauki makaɗin ganga ba, na'ura ce ke yi mata bugu. A faifanta na 1989, Streetcleaner, bugun nan ba ya gajiya, ba ya sassautawa, sai ka ce injin masana'anta. Saboda haka muna ganin jigon waƙoƙin, wato ƙuncin ɗan'adam a duniyar injuna, daga gangar ya faro.