Ƙwayoyin Garin Katako a Wutar Sansani: Me Ya Kawo Su, Me Suka Jawo?

A Amurka da Kanada, inda iyalai kan kafa tanti a daji su kwana don shaƙatawa, an fara ganin masu hura wutar hira da ƙwayoyin garin katako a maimakon itace. Garin da injin yankan katako ke zubarwa ake busarwa, a matse shi da ƙarfi ta cikin ƙananan ramuka, ya fito da kaurin milimita 6 zuwa 8, kamar abincin kifi na buhu. Zafin matsin ne ke narkar da danƙon da ke cikin itacen ya haɗe garin.

'Yan kasuwa sun fi tallata rashin hayaƙi. A ganina babban dalilin amfani da su yana wani wuri: ƙwari. A shekarar 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da Detroit, jihar Michigan, wanda tsutsarsa ke cin ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash har ta bushe. Ya kashe miliyoyin bishiyoyi. Shi kansa ƙwaron ba ya yin nisa sosai a shekara, amma mai yawon shaƙatawa da ya loda itace a bayan mota zai kai shi kilomita ɗaruruwa a yini ɗaya. Shi ya sa jihohi da dama suka taƙaita safarar itacen wuta, wasu wuraren ma ba sa karɓar itacen waje sai wanda aka gasa da zafi aka sa masa shaida. Ƙwayar katako kuwa an niƙa ta, an busar, an matse. Babu tsutsar da za ta rayu a ciki. Wanda ya ɗauki buhu mai kilo 18 ya ƙetare jiha uku bai ɗauko wa dajin wasu annoba ba. Wannan kaɗai ya isa a ɗauki abin da muhimmanci.

Batun hayaƙin ma gaskiya ne, amma da sharaɗi. Laimar ƙwayoyin ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali busasshen itace kan riƙe kusan kashi 20. Sai dai idan aka zuba su a ƙasa, cushewa suke yi, iska ta kasa ratsawa, su yi ta turnuƙewa. Galibi sai da murhun ƙarfe mai huji a ƙasa da bango biyu, irin na kamfanin Solo Stove, wanda ke mayar da iska mai zafi ta ƙone hayaƙin tun bai tashi ba. Ke nan wutar da a da tsinto ƙirare ya wadatar da ita yanzu tana buƙatar sayen murhu da sayen buhu. Ruwa kuma maƙiyin ƙwayoyin ne: yayyafi kaɗan ya taɓa su sai su kumbura su koma gari. Haka nan a wurare da dama, idan fari ya sa hukuma ta hana kunna wuta a daji, hanin yakan haɗa da su, tunda su ma itace ne. Shigar da murhun cikin tanti kuwa ganganci ne, domin iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari.

Abin da ya fi damuna shi ne tushen garin. Muddin sharar injin katako ce, an ci riba biyu. Amma kasuwar ta wuce nan: tashar lantarki ta Drax a Ingila tana ƙona miliyoyin tan na irin waɗannan ƙwayoyin duk shekara, mafi yawa daga Arewacin Amurka, kuma masu kare muhalli sun daɗe suna zargin ana niƙa bishiyoyi sukutum don cike buƙatar. Abin da masu sansani ke ƙonawa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta, amma su ma ya kamata su duba jikin buhu su ga ko daga shara aka yi shi kafin su biya kuɗi.